Yadda Aka Maƙala Mini Jaruntar Baba Barnabas

Ranar Talatar da ta wuce, da misalin ƙarfe biyu da kwata na rana, ni Hamisu ɗan kabu-kabu, wanda ko rago ya taso masa sai ya haye katanga, na zama babban jarumin yaƙi na Madarunfa. An busa mini ƙaho, an karanta tarihin bajintata a lasifika, wani babban mutum mai ƙamshin turare ya goga kumatunsa a nawa, hagu da dama. Har yanzu akwai ɗan huji a ƙirjina inda allurar lambar yabo ta shiga, wanda bai yarda ba ya same ni a tasha in buɗe masa riga. Jaruntar tawa ta yi minti ashirin da wani abu, kuma ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba tun da na bar lakwal, wato makarantar boko, ta taga.

Bari in faro muku daga tushe. Baba Barnabas maƙwabcinmu ne, tsohon sarjan, katangarmu ɗaya. Shekara goma sha tara da suka wuce, can wani daji mai nisa da ba ya son faɗin sunansa, aka yi wa motarsu kwanton ɓauna. Ya riga ya tsira, ya kai bayan dutse, sai ya koma cikin ruwan harsashi ya ɗauko abokinsa a kafaɗa. Ya sake komawa. Sau huɗu ya yi wannan sintirin, na huɗun da harsashi a cinyarsa. Mutum huɗun nan duk sun rayu, sun yi 'ya'ya, ɗaya har ya ajiye tumbi. Ba daga bakin Baba na ji ba, shi in ka tambaye shi labarin sai ya ce maka an yi zafi sosai ranar. Matarsa Inna Abigail ce ta gaya wa mahaifiyata ta kan katanga.

Saboda wannan aiki aka ba shi lambar jarunta, wadda babu ta sama da ita. Na ce an ba shi, amma a takarda. Takardar ta zo da hatimi uku, Inna Abigail ta sa ta a leda ta adana cikin akwatin ƙarfe. Ita lambar kanta, ƙarfen da ƙyallensa, sai an yi biki. Sojoji suna da al'adarsu a kan wannan, kuma Baba ya riƙe ta fiye da yadda nake riƙe kan moto, wato babur ɗina, a cikin yashi. Ba ka da ikon saka lambar da kanka, ko daga kai sai madubi a ɗaki. Sai an tara jama'a, an busa ƙaho an buɗe fili, kowa ya ƙame ba motsi ba magana, an karanta abin da ka yi, sannan a maƙala maka ita a hagun ƙirji kana tsaye da ƙafafunka. Wanda ya mutu kafin ranar tasa, sai a maƙala wa ɗan matashin kai, a miƙa wa matarsa.

Nan damuwar take. Gwiwoyin Baba sun fara sallama da shi. Bara yana iya tsayuwar minti goma sha biyar. Bana da na auna da wayata minti bakwai ne, daga nan sai ƙafar da ta sha harsashi ta soma rawa. Wata rana na ɗauko shi za mu wajen likita, ya matso kusa da kunnena ya ce:

"Hamisu, ni na ɗauko mutanen nan, ba matashin kai ba."

Amma kada ku ce manyanmu sun manta da shi, Allah ya kiyaye. Sau biyar ana sa rana. Ta farko aka ɗaga saboda damina, ta biyu saboda rani. A ta uku an rasa makullin durowar da lambar ke ciki, don an canza wa mai riƙe da shi wurin aiki ya tafi da shi a aljihu. A ta huɗu an kafa kwamitin da zai binciki abin da ya hana ta uku. Ta biyar ban san dalili ba, amma dai an ci raguna. Mutanen da suka ci rago don girmama ka ai ba ka ce sun manta da kai ba.

To, farkon watan nan sai labari ya zo cewa Mai Girma Sarkin Almakashi da kansa zai zo ya maƙala lambar. Kada ku tambaye ni aikinsa, ban sani ba. Abin da na sani, duk inda aka ɗaure ƙyalle tsakanin sanda biyu, to ku saurari jiniya, yana nan tafe. Ya buɗe mana famfon da bai taɓa ɗigo ba, ya buɗe kasuwar da awaki kaɗai ke cinta, kuma duk ya yi da murmushi. Irin wannan juriya ba kowa Allah ke ba wa ba.

Nan take aka kafa kwamitin tarba a ƙarƙashin Mushe Mubarak, wani mai tabarau da ƙatuwar jaka, wanda ya taɓa koyar da ni na wata uku kafin mu rabu lafiya. Kwamitin kuma ya haifi ƙananan kwamitoci bakwai: na rumfa, na kujeru, na nama, na tafi, na riguna masu hoton Mai Girma, na shafa wa itatuwa farar ƙasa, da na sa ido a kan na nama. An shafe itatuwan hanya fari fat, amma gefen da ke kallon titi kaɗai, tunda Mai Girma ba zai zagaya bayan itace ba. An jera kujeru ɗari biyu, kowace da sunan mai ita a manne. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, ban ga ta Baba Barnabas ba. Da na yi magana sai Mushe ya ce ai jarumi a tsaye yake karɓar lamba, me zai yi da kujera.

Ni kuwa a lokacin ba ni da aikin yi. An ce a ajiye esansin garin, wato man fetur, don motoci goma sha huɗu na Mai Girma, kada su zo su rasa na komawa. Kwana biyu ina layi da moto, na san sunan kakannin duk wanda ke gabana da bayana, a ƙarshe na turo abina gida da ƙafa. Ni mutum ne da ba ya iya zama wuri guda, sai na riƙa zagaya filin bikin ina ba da shawarar da ba a nema ba.

Ana cikin haka Mushe ya zana da'ira da farar ƙasa a tsakiyar fili, cikin rana, ya ce nan jarumi zai tsaya, kuma za a yi gwaji kwana uku. Inna Abigail ta ce ba da mijinta ba, minti bakwai gare shi, ba za ta bari a ƙarar da su a gwaji ba. Sai aka shiga neman wanda zai tsaya a madadinsa, mai ƙafa biyu da ba shi da abin yi. Ladi mai soya kifi a bakin fili ta ɗaga matsami ta nuna ni. Ta ce ga wanda tun yana goyo ba a taɓa ganin ya tsaya cik ba, a gwada shi ko don garin ya huta.

Haka na shiga aikin soja. Kwana uku ina tsaye a da'ira. Mai busa ƙahon shi ne Baba Yowel, tsohon abokin Baba Barnabas tun barikinsu na fari, haƙoransa uku suka rage amma in ya busa har masuntan tafki sai sun waiwayo. Mushe ya tara jama'a ya yi musu doka: da zarar ƙaho ya yi kuka, duk wanda ya yi magana, ya yi tari, ko ya sosa wuya kafin a busa na rufewa, to babu shi babu nama. Ban taɓa ganin mutanen garinmu sun koyi abu da sauri haka ba. Ranar farko an samu masu tari goma sha ɗaya. Ranar ta uku wata kaza ta ratsa fili ta tsaya bisa takalmina, ko ƙifta ido ba wanda ya yi.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne kumatu. Ashe a cikin al'adar, bayan an maƙala lamba, sai mai maƙalawa ya kama kafaɗunka ya goga kumatunsa a naka, nan da nan. Mushe ne ke fitowa a matsayin Mai Girma, kuma gemunsa kamar buroshin wanke tukunya. Na roƙe shi mu tsallake wannan wuri, ya ce ba a tsallake al'ada. Sau tara muka yi a rana ɗaya. Tun daga nan Ladi ba ta kira na da wani suna sai amaryar Mushe, har tana tambaya ko an sa ranar kai kaya.

Ranar Talata ta zo. An ce ƙarfe tara na safe. Tun bakwai Baba Barnabas ya fito cikin tsohon kakinsa da Inna ta goge har yana ɗaukar ido, rigar ta yi masa yawa a wuya, ya zauna bisa wani turmi da aka kifa masa a gindin itacen bedi. Tara ta yi, goma ta yi. Sha ɗaya aka ce Mai Girma ya taso. Sha biyu aka ce ya taso da gaske. Masu tafi suka yi tafin gwaji har hannuwansu suka yi ja. 'Yan kwamitin nama suka shiga ɗanɗana wa Mai Girma nama don a tabbatar ba zai ɓata masa ciki ba, 'yan kwamitin sa ido suka taya su. Azahar ta yi, muka yi salla kashi-kashi don kada fili ya zama wayam.

Wajen ƙarfe biyu Inna Abigail ta ga leɓen mijinta ya bushe. Ta kama hannunsa ta ce su zagaya bayan katanga ya sha maganinsa, ya kama ruwa, ya ɗan miƙe ƙafa. Mushe ya ce to, amma da'ira ba ta zama babu kowa, in Mai Girma ya iso ya tarar da wuri fayau ai an ci mutuncinsa. Ya ce in tsaya in riƙe wa Baba wurin. Na shiga da'ira da rigar ƙwallona da silifas.

Ko minti biyu ban yi ba sai jiniya.

Motoci goma sha huɗu suka shigo da ƙura. Mai Girma ya sauko cikin babbar riga mai sitaci, ƙirjinsa ɗauke da lambobi har biyar, ciki har da irin ta Baba, suna kaɗawa kamar ƙararrawar awaki. Ban san yaƙin da ya yi ba, amma ofis mai sanyi ma wuri ne mai haɗari, mura na iya kama mutum. Bai zauna ba. Wani na kusa da shi ya ce sauri suke, akwai rijiyar da ke jiran almakashi a wani ƙauye. Mai Girma ya ɗaga yatsa. Baba Yowel, soja ne, an ba shi umarni, idonsa kuma ba ya gani da nisa. Ya busa.

Garin ya ƙame.

Jama'a, ku duba wannan lamari. Mutum sama da ɗari biyar a filin nan, kowa ya san ni, rabinsu na taɓa kayar da su a kan moto. Kowa ya san ba ni ne Sarjan Barnabas ba. Mushe Mubarak yana tsaye taku huɗu daga gare ni, gumi na zuba ta ƙarƙashin tabarau, bakinsa na motsi ba sauti. Amma an busa ƙaho, kuma ƙamshin nama na tasowa daga bayan rumfa. Ba wanda ya ce uffan. Ni ma na buɗe baki, sai na ji kwana ukun nan sun riƙe mini harshe.

Mai lasifika ya karanta cewa na yi wa ƙasa aiki shekara talatin da ɗaya. Shekarata ashirin da huɗu. Ya ce na ɗauki mutum huɗu a kafaɗa cikin wuta. Mai Girma ya tako, idonsa na kan mai ɗaukar hoto, ya soka allurar ta ratsa riga ta shiga nama. Ya kama kafaɗuna, kumatu nan, kumatu nan, sannan ya raɗa mini a kunne:

"Sarjan, ka iya riƙon jiki. Ko kaɗan ba ka tsufa ba."

Ya juya, ya shige mota, jiniya ta ɗauka. Duka-duka minti shida. A al'ada, mai maƙalawa zai ja da baya taku uku ya gyaɗa wa mai ƙaho kai, sannan a busa na rufewa. Mai Girma bai da lokacin taku uku. Don haka Baba Yowel ya tsaya da ƙaho a leɓe yana jira, garin kuma ya ci gaba da ƙamewa, ƙura na sauka a kanmu.

A haka Baba Barnabas ya zagayo daga bayan katanga, Inna na riƙe da gwiwar hannunsa. Ya dubi ƙurar motoci. Ya dubi da'ira. Ya dubi abin da ke lilo a rigar ƙwallona, wanda ya jira shekara goma sha tara. Na so ƙasa ta tsage. Na ɗauka zai zage ni, ko ya ɗaga sanda, kuma da ya yi da na ji sauƙi. Sai ya zare hannunsa daga na Inna, ya miƙa mata sandarsa, ya tako shi kaɗai har gabana, ya haɗa dugadugai, ya sara mini. Ashe duk soja in ya ga wannan lamba sai ya sara, ko a ƙirjin wa take.

Na kai hannu zan cire in ba shi. Ya yi magana ta tsakanin haƙora, hannunsa na nan a goshi:

"Kada ka miƙo mini ita kamar goro."

Nan Mushe ya samu bakinsa ya dawo. Ya matso yana raɗa cewa kuskure ne ƙarami, a ba shi lambar ya mayar durowa, zai rubuta takarda a roƙi Mai Girma ya sake sa rana. Inna Abigail ba ta yi raɗa ba. Ta ce masa takardar farko tana cikin akwatinta shekara goma sha tara, in ya kuskura ya taɓa lambar nan sai ya haɗiye jakarsa. Ladi daga bakin kaskonta ta ce ita ta yafe naman, dama kifi take ci, kuma tana bayan Inna. Ni kuwa idona na kan ƙafar Baba. Minti huɗu sun tafi, wandon kakin ya fara kaɗawa daga gwiwa.

Baba Yowel ne ya sauke ƙaho kaɗan, ya ƙanƙance ido, sai lokacin ya gane wanda aka yi wa ado. Bai yi dariya ba. Ya ce shi bai busa na rufewa ba, saboda haka fili a buɗe yake, biki bai ƙare ba. Ya ce kuma ƙa'idar da aka koya musu tun suna ƙurata ita ce, mai ɗauke da lambar a ƙirji shi ke da ikon maƙala wa wani, shi ya sa ma aka jira Mai Girma. Ya waiga hagu, ya waiga dama, ya ce a iya ganinsa, mutum ɗaya ne a filin nan ke ɗauke da ita yanzu.

Mushe ya ce wannan ai ɗan kabu-kabu ne da ko aji biyar bai gama ba. Baba Yowel ya ce shi bai ga aji biyar a cikin ƙa'ida ba, kuma Mai Girma da hannunsa ya maƙala, in Mushe na ganin Mai Girma ya yi kuskure to ya faɗa da ƙarfi kowa ya ji. Mushe ya cire tabarau ya shiga gogewa.

Na fita daga da'ira, Baba Barnabas ya shiga. Mai lasifika ya bi motoci, babu mai karanta tarihi, sai ni. Ban san manyan kalmomin ba. Na ce:

"Jama'a, wannan shi ne Baba Barnabas. Ya tsira, ya koma. Sau huɗu. Ni ko sau ɗaya ba zan koma ba, ku ma kun sani."

Na zare allurar daga jikina, na maƙala a hagun kakinsa, a hankali, don na riga na san zafinta. Na ja baya zan gudu, sai ya ce, "Kumatu." Na ce Baba a yi haƙuri. Ya ce ba a tsallake al'ada. Na kama kafaɗunsa, ƙashi ne zalla a cikin rigar, na goga nan, na goga nan. Kumatun nasa a jiƙe suke, amma an yi zafi sosai ranar.

Na ja taku uku, na gyaɗa kai. Baba Yowel ya busa har jijiyar wuyansa ta fito. Sai a lokacin mutum ɗari biyar suka yi tari gaba ɗaya, masu tafi suka yi tafin da ba a gwada ba. Da na duba waya, Baba ya yi minti goma sha ɗaya a tsaye, kuma da Inna ta kawo masa sanda sai ya ce ta ɗan dakata. Nama kuwa da aka je rabo, an tarar 'yan kwamiti sun gama tabbatar da lafiyarsa.

Yanzu kullum da safe Baba na fitowa ƙofar gida da lambarsa a ƙirji, yana ba kaji dawa. Ran Lahadi ya je da ita majami'a, an ce har fasto ya rasa inda ya tsaya a wa'azi.

Jiya Mushe Mubarak ya same ni a tasha da rahoton kwamiti. Ya ce komai ya tafi daidai: lamba ta iso, an maƙala a hagu, an yi a gaban jama'a. Hoton ne kawai ba za a iya canzawa ba, don Mai Girma ya fito da kyau a ciki, har an riga an rataye shi. Saboda haka kwamiti na roƙo na, in wani baƙo ya tambaya, in ce shekarata sittin da takwas. Na ce na yarda, ai yi wa ƙasa aiki ne. Amma su je da kansu su sanar da mahaifiyata, don ita bana ta cika arba'in da shida.